Me ake nufi da “busy” a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Maradi, daga Kano nake saro kaya. Sau da yawa in na kira dillali sai ya turo mini saƙo: “I am busy.” Ni kuwa Faransanci na karanta. Mece ce ma’anar kalmar, kuma yaya ake amfani da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ana furta ta “bizi”, ba “buzi” ba. Dillalin yana nufin yana cikin hidima, ba shi da sarari a lokacin. Ita ce “occupé” da ka sani, sai dai ba ko’ina suke tafiya tare ba.

Siffa ce, don haka in za ka ce wani yana cikin hidima, “am”, “is” ko “are” ne ke zuwa gabanta: “I am busy”, “they are busy”. In abin ya wuce, “I was busy”. Da yake Bahaushe cewa yake “ina da aiki”, wasu kan ce “I have busy”, kuma kuskure ne.

Wurin faɗin abin da ya riƙe ka, hanya biyu ce. In suna ne, sa “with”: “I am busy with customers”, wato ina fama da masu saye. In aikatau ne, liƙa masa “-ing”, kada ka sa komai a tsakani: “I am busy counting money”, ina cikin ƙirga kuɗi. Nan ne masu Faransanci suka fi tuntuɓe. Sun saba da “occupé à”, sai su ce “busy to count”, Bature kuwa ba ya faɗin haka. “To” tana shigowa ne in “too” ta gabata: “I am too busy to eat”, aiki ya hana ni ko cin abinci.

A kwatance “y” tana komawa “i”: “busier”, “busiest”.

Kasuwa ko titi ma kan zama “busy” in sun cika da hada-hada. Layin waya da ake magana a kansa, a Amurka “busy” ne, a Ingila “engaged”. Amma kujerar da wani ya riga ya kama a mota “taken” ce, makewayi da mutum a ciki kuma “occupied”, ko da yake duk “occupé” ne a Faransanci.

Muna roƙonka, kada ka jefa wa babba ko abokin ciniki “I am busy” tsurarta, tana iya fita kamar kora. Ka ce: “Sorry, I am a bit busy now, can I call you back at 4?” Ka ba da haƙuri ke nan, ka kuma sa lokacin da za ka kira. Ka kiyayi “busybody”: ba yabon ƙwazo ba ne, mai shisshigi a harkar mutane ake kira haka.