Shin daga Kano Pillars Ahmed Musa ya wuce Al-Nassr?

Alhaji, ka tambaya ko kai tsaye Ahmed Musa ya baro Pillars zuwa Al-Nassr, tunda ɗanka da ke taka leda a Jidda yana son bin sawunsa.

A'a, sai da ya sha zagaye. Ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/10, ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, sannan CSKA Moscow a 2012, inda ya lashe gasar Rasha sau uku. A ganina can ya fi haskakawa. Leicester ta saye shi a 2016, amma ya fi zaman benci. Sai a 2018, bayan ƙwallo biyun da ya zura wa Iceland a gasar cin kofin duniya, ya zo Al-Nassr ta Riyad, suka ɗauki kofin gasar Saudiyya a kakarsa ta farko.

Shawarata game da ɗanka: ya fara samun ƙungiya mai rajista a ƙasar da yake zaune. Dokar FIFA ta hana sauya sheƙa zuwa wata ƙasa kafin shekara 18, sai da wasu sharuɗɗa. Duk dillalin da ya nemi kuɗin gwaji tun farko, ku guje shi. Ku duba lasisinsa na FIFA, kuma lauya ya karanta kwantiragi da batun iƙama (takardar izinin zama) kafin a sa hannu.