Tambaya da Amsa: Hoton da na saka a ƙasan imel ba ya fitowa wurin waɗanda na aika wa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wani kamfani. Shugabanmu ya sa na haɗa tambarin kamfani da hoton sa hannunsa da hatiminsa a ƙasan duk imel da muke aikawa, don mutane su tabbatar daga wurinmu saƙon ya fito. A kwamfutata komai na fitowa lafiya lau, amma abokan hulɗarmu na cewa akwati kawai suke gani babu komai a ciki. Shugaba ya fara ganin kamar ban san aikina ba, hankalina a tashe yake. Wani mai gyaran kwamfuta ya ce in ba shi kalmar sirrin imel ɗin zai gyara. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba gazawarki ba ce, kuma gyaran ba shi da wuya. Amma tun kafin mu je ko'ina, kada ki ba kowa kalmar sirrin nan. Aikin ba ya buƙatarta. In ma dole sai wani ya taimaka miki, ki buɗe akwatin imel ɗin da hannunki ki zauna a gefensa har ya gama.

Ganin hoton a kwamfutarki ba ya nuna komai. Hoto yana bin imel ta ɗayan hanya biyu: ko dai a cusa shi cikin saƙon su tafi tare, ko kuma a ajiye shi a wata saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli a intanet, saƙon ya ɗauki adireshinsa kawai. Yawancin matsalar a ta biyun take. Idan kwafo hoton kika yi kika liƙa, wani lokaci adireshin da ke tafiya na faifan kwamfutarki ne, irin mai farawa da file:///C:. Ke za ki gani tunda fayil ɗin na wurinki, wanda ya karɓa kuwa ina zai samo shi? Haka nan idan hoton na cikin Google Drive amma ba a buɗe shi ga mutanen waje ba, ko yana shafin kamfani aka zo aka goge shi ko aka sauya masa wuri.

Idan Gmail kike amfani da shi, ki buɗe shi a burauzar kwamfuta, ki shiga saiti, ki gangara sashen sa hannu, wato wurin da ake tsara abin da ke fitowa a ƙasan kowane saƙo, ki goge tsohon gaba ɗaya. Ki ƙirƙiri sabo, ki ɗora hoton ta maɓallin saka hoto da ke wurin, kada ki liƙa. A ƙasa akwai zaɓi biyu, ɗaya na sababbin saƙonni, ɗaya na amsa da turawa gaba. Mutane kan manta na biyun. Ki kuma duba ba a saita rubutun a yanayin zallan rubutu ba, don shi ba ya ɗaukar hoto ko kaɗan. A Outlook ma maɓallin hoto na cikin wurin tsara sa hannu. Nau'in fayil ɗin hoton ya zama PNG ko JPG. Gmail ba ya nuna SVG, tsohon Outlook na kwamfuta kuma ba ya jituwa da WebP. Ki rage girmansa tun kafin ki ɗora, faɗin fiksil 200 zuwa 300 ya isa tambari (fiksil su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto a allo). Daga nan ki aika gwaji zuwa wani adireshin daban, ki buɗe a waya.

Akwai ɓangaren da ba a hannunki yake ba. Outlook na kwamfuta yakan toshe hotunan da ke zuwa daga waje har sai mai karɓa ya danna ya ba da izini, saboda masu talla da 'yan damfara na ɓoye ɗan hoto mai fiksil ɗaya don su san ko an buɗe saƙonsu. Gmail tun Disamban 2013 yake ratsa hotuna ta sabobinsa kafin ya nuna su, shi ya sa a can ba a cika ganin matsalar ba. Saboda haka suna, muƙami da lambar waya su kasance rubutu, tambari kaɗai ya zama hoto.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarki, kuma kusan kullum sai na ci karo da shi: a ɗauki hoton sa hannu da hatimi a manna wa kowane imel wai don ya zama shaida. Malama, ki cire su yau. Hoton da ke cikin imel, duk wanda saƙon ya isa gare shi zai iya danna shi ya ajiye a cikin daƙiƙa biyu. Kuma saƙo ba ya tsayawa wurin wanda kika aika wa. Ya tura wa wani, wancan ya tura wa wani, duk da sa hannun shugabanku tsaf a gindinsa, mai kyau, mai haske, a shirye don a ɗora a kan kowace takarda. Tamkar ka buga makullin gidanka da yawa ne ka riƙa rabawa duk wanda ka gaisa da shi.

Ki duba yadda ake yin damfarar. Mutum ya samu imel ɗinku guda ɗaya. Ya kwafe tambari, sa hannu da hatimi, ya yi rajistar adireshin da ya yi kama da naku, harafi ɗaya kawai ya bambanta, misali ya sa rn a gurbin m, wanda a ƙaramin allon waya da ƙyar ido ke rarrabewa. Sai ya rubuta wa abokin cinikinku cewa kamfani ya sauya asusun banki, ga sabuwar lamba. Abokin cinikin ya ga hatimin da ya saba gani, ya tura kuɗi. Ku da kanku kuka koya masa cewa ganin hoton nan ya wadatar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu kiran kansu ƙwararru da ke ƙarfafa wannan ɗabi'a. Su ne za su ɗauki hoton hatimin, su goge bayansa ya fito tas, su ce an zamanantar da ofis. Idan hoton ya ƙi fitowa kuma sai su ce a gaya wa masu karɓa su kashe kariyar da ke toshe hotuna gaba ɗaya. Wato ka rushe tsaron wani don tambarinka ya fito? Wanda ya ba ki wannan shawara, ko ya nemi kalmar sirri kafin ma ya tambaye ki wace manhaja kike amfani da ita, ki sallame shi.

Abin da ke tabbatar da asalin imel ba a ganinsa a jikin saƙon. Tsare-tsare uku ne da ake saitawa a kan sunan yankin kamfani, wato ɓangaren adireshin imel da ke bayan alamar @: SPF, DKIM da DMARC. Su ne ke gaya wa sabar mai karɓa ko saƙon da gaske daga sabarku ya fito kuma ba a taɓa shi a hanya ba. A Gmail, 'yar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan mai aikawa na nuna yankin da ya aiko da saƙon da kuma yankin da ya sa masa hannun dijital. Idan takarda ce ke buƙatar sa hannun shugaba, a yi mata sa hannun dijital mai takardar shaida a cikin PDF, wanda ke nuna alama da zarar an sauya ko harafi ɗaya.

Ki je wurin shugabanku da wannan bayani cikin ladabi, ki nemi ya sa mai kula da yankin kamfanin ya duba waɗancan ukun. Tunda kuma hatimin ya riga ya fita, ku rubuta wa abokan hulɗarku cewa duk saƙon da ya zo da batun sauya asusu, kada su biya sai sun kira ku a lambar da suka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.