Menfirem da gajimare: ina ƙaramin kamfani zai sa ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mu biyar ne muke rubuta manhajar daidaita lissafi, babban abokin cinikinmu kuma banki ne mai aiki da menfirem, wato babbar kwamfutar nan ta kamfanin IBM. Wani mai ba da shawara ya ce zamaninta ya wuce, mu juya manhajarmu daga yaren kwamfuta na COBOL zuwa na Java mu koma gajimare, wato kwamfutocin haya ta intanet, tun kasuwa ba ta bar mu ba. Kuɗin sayen injin gwaji ma ba mu da shi. Hankalina a tashe yake, gida biyar ke ci a nan.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Malam. Tun 1991 ɗan jarida Stewart Alsop ya yi hasashen za a kashe menfirem ta ƙarshe a Maris 1996, ga shi a 2025 IBM ta fito da sabuwar menfirem, z17. Sayen inji kuma ba dole ba ne. A 2022 IBM ta fara ba da hayar z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da menfirem, a gajimarenta don rubutu da gwaji, da sunan Wazi. Sai dai kada ka yarda wani ya ɗora maka z/OS a kan Hercules, manhajar da ke kwaikwayon menfirem a kwamfuta ta yau da kullum. Lasisin bai yarda ba, kuma ba bankin da zai karɓi aikin da aka gwada ta bayan gida.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne maganar "juya" ɗin nan, kullum sai na ji ta. Mutum bai taɓa buɗe CICS ba, manhajar da ke gudanar da hada-hada a menfirem, ya ɗaura lakataye ya ce na'ura za ta fassara komai cikin mako guda. Ta fassara, to sai me? Kuɗi a COBOL ana ajiye shi a wani tsari da ake kira COMP-3, mai riƙe lamba daidai da lamba har kwabo. A zuba shi a ma'ajin lamba na Java mai ƙiyasi (floating point), inda 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, sai kwabo ya fara zurarewa a kowane lissafin riba, ba wanda zai lura sai ƙarshen wata. Ga kuma jeri: a EBCDIC, tsarin haruffa na menfirem, haruffa ke gaban lambobi, a ASCII na sauran kwamfutoci lambobi ke gaba. Asusu "A12" da ke saman rahoto jiya, yau yana ƙasan "912", shirin da ke haɗa fayil biyu ya tsallake shi ba tare da ya yi ƙara ba.

Manya ma sun sha wuya a ƙaura. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya sauya tsarinsa, masu ajiya suka yi makonni suna fama da shiga asusunsu, a 2022 aka ci shi tarar kusan fam miliyan 49. Kuɗin mutane amana ce, kuma ranar da lissafi ya ƙi daidaita, mai shawarar ya karɓi nasa ya tafi, sunan kamfaninku ne a takardar.

Ku bar lissafin a inda bankin ya ajiye shi. Shafin abokan ciniki da rahotanni ku kai gajimare, su riƙa magana da menfirem ta z/OS Connect, manhajar IBM mai haɗa ta da manhajojin waje. Kafin ku taɓa ko layi ɗaya, ku tambayi bankin a rubuce shekara nawa zai ƙara a kanta.