Tambaya da Amsa: Na yi waƙa da Suno, wani ya ɗora ta da sunansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashin mawaƙi ne a Zariya. Saboda tsadar situdiyo, na rubuta baitocina na zuba su a manhajar Suno, a tsarinta na kyauta, ta fitar mini da kiɗa da murya gaba ɗaya. Na saka waƙar a TikTok ta karɓu, sai ga shi wani ya ɗora ta a Audiomack da YouTube da sunansa. Wanda ya koya mana AI (ƙirƙirarriyar basira) ya ce tunda ni na ba da umarni, waƙar tawa ce ɗungurungum. Shin in kai ƙara ne, ko na yi asara ke nan? Abin ya hana ni barci.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, domin ba ka yi asarar komai da komai ba, amma abin da ya rage a hannunka bai kai yadda aka faɗa maka ba, kuma gara ka ji haka daga bakina kafin lauyan wancan ya faɗa maka.

Baitocin naka ne, matuƙar kai ka rubuta su. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin adabi da na kiɗa idan mai shi ya yi ƙoƙari wajen ƙirƙirarsa kuma ya adana shi a rubuce ko a naɗe, ba ta kuma shardanta rajista kafin kariyar ta fara aiki ba. Saboda haka ka nemo littafin da ka yi rubutun, da saƙon muryar da ka tura wa abokinka kana rera karin, da ranar da ka fara sakin waƙar a TikTok. Da waɗannan za ka shigar da ƙorafi a YouTube da Audiomack, ka bayyana cewa kai ne marubucin baitocin, kuma iya abin da za ka yi iƙirari ke nan.

Maganar malaminku kuwa, cewa wanda ya rubuta umarni shi ne mai waƙa, ita ce ɓarnar da nake cin karo da ita kusan kullum a situdiyo, kuma ta gundure ni. Ka fara da sharuɗɗan da ka danna ka amince da su ba tare da ka karanta ba. A tsarin kyauta na Suno, kamfanin ne yake riƙe da mallakar sautin da ya fito, kai an ba ka izinin amfani da shi ne ba don kasuwanci ba. Samun kuɗi a YouTube kasuwanci ne, sayar wa ango waƙar biki kasuwanci ne, haka ma waƙar ɗan takara. Wasu sukan ce ai sai su biya kuɗin wata daga baya, to izinin kasuwancin yana hawa ne kan waƙoƙin da aka yi a lokacin da mutum yake biya, ba ya komawa baya da kansa ya halatta tsofaffi. Ko a tsarin biyan ma, kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ba da tabbacin doka za ta amince akwai haƙƙin mallaka a kan sautin ba. Izinin sayarwa daban, ikon hana wani ɗauka daban, kuma a nan ne akasarin yaranmu suke ruɗewa.

Dalilin da kamfanin ya kare kansa haka ba ɓoyayye ba ne. A watan Janairun 2025, Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya fitar da rahoto cewa umarni kawai bai isa ya mayar da mutum mawallafin abin da na'ura ta fitar ba, sai an ga hannun ɗan'adam a cikin aikin, kamar rubutu ko tsarawa ko gyara mai ma'ana. A watan Maris na shekarar, kotun ɗaukaka ƙara a Washinton ta tabbatar a shari'ar Thaler, mutumin da ya nemi a yi wa aikin da na'urarsa ta ƙirƙira rajista, cewa dole ne mawallafi ya zama mutum. Dokar Amurka ba ita ce ke aiki a Zariya ba, amma Suno da YouTube kamfanonin can ne, kuma namu alƙalin ma tambayar da zai yi maka ita ce ka nuna ƙoƙarin da ka yi a kan kiɗan. Idan amsarka ita ce ka rubuta kalmomi goma ka danna maɓalli, to ka san matsayinka. Kada kuma ka manta cewa a watan Yunin 2024 manyan kamfanonin waƙa uku, Universal da Sony da Warner, sun maka Suno da takwararta Udio a kotu bisa zargin horar da na'urorinsu da waƙoƙin mutane ba tare da izini ba. Ma'ana, karin da kake rantsuwa naka ne yana iya zama dangin karin wani da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu buɗe aji a WhatsApp suna karɓar kuɗin yara da alƙawarin dala, su ce ka fitar da waƙa ɗari a mako ka zuba a Spotify, ka kuma sa mata Content ID, wato tsarin YouTube da ke gano duk bidiyon da ya yi amfani da sautinka. Shi Content ID na wanda yake da mallaka shi kaɗai ne a kan sautin, kuma iƙirarin ƙarya yana iya jawo a rufe wa mutum asusu. Daga nan sai su koya wa yaro sayen masu saurare na bogi. A watan Satumban 2024 an gurfanar da wani mutum mai suna Michael Smith a Amurka bisa zargin tara sama da dala miliyan 10 ta wannan hanya, da waƙoƙin na'ura da saurare na ƙarya. Wannan darasin ba ya cikin manhajar karatunsu. Wasu ma sun kai ga kwaikwayon muryar Shata ko Ɗanƙwairo su sa su yabon wanda ba su taɓa sani ba, kamar dai bayin Allahn nan ba su bar iyali ba.

Kada ka ɗauka ina ƙyamar ƙirƙirarriyar basira ne, domin da ita nake aiki safe da yamma. Ina raba murya da kiɗa da manhajar Moises ko da abin da ke cikin manhajar FL Studio, ina share ƙarar janareta da iZotope RX, wani lokaci kuma ina barin Ozone ya ba ni shawarar farko a mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe, kafin in sa kunnena. A duk waɗannan, mutum ne ya rera, mutum ne ya kaɗa, na'ura share fage kawai ta yi, don haka babu mai jayayya a kan mallaka.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ita kaɗai ta isa ta sa ka sake naɗar waƙar. Kwanaki wani yaro ya kawo mini waƙar biki da wata manhaja ta rera masa, na ware muryar ita kaɗai muka saurara. Inda ya rubuta "soyayyarmu ba ƙarya ba ce", na'urar ta ce "ba karya ba ce", kuma a cikin amshi ne, wanda ake maimaitawa sau shida a gaban dangin amarya. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma kalangu bin wannan hawa da saukar yake yi har ya yi magana. Abin da na'urar take kira kalangu wata ganga ce da ke buga lokaci kawai, ba ta cewa komai.

Shawarata ita ce ka ɗauki abin da Suno ta ba ka a matsayin gwaji. Ka je situdiyo da baitocinka da karin da ka tsara da bakinka, a buga sabon kiɗa a fiyano, a kira mai kalangu idan da hali, ka rera da muryarka, 'yan amshi su karɓa. Ka rubuta yarjejeniya da mai kiɗan ko da rabin shafi ce, wadda ta fayyace wanda ya mallaki kiɗan da kason kowa, ka karɓi fayil ɗin aikin a filashi kafin ka bar wurin, sannan ka yi rajistar waƙar a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya domin ƙarin hujja. Wannan sabon naɗin shi za ka kai wa masu rarraba waƙa, kuma idan fom ɗinsu ya tambaye ka ko akwai AI a ciki, ka faɗi gaskiya. Shi kuma malamin naku, ka tura masa shafin sharuɗɗan Suno, ka roƙe shi ya karanta wa ajin sakin layin da ya yi magana a kan tsarin kyauta.