Me ya sa gonakin inabi ke bin gaɓar teku?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun aikin gona. Ina duba taswirar wuraren da suka yi suna a noman inabin da ake yin giya da shi, sai na ga da yawansu suna gefen teku: Bordeaux a Faransa, Kalifoniya, Chile, Afirka ta Kudu. Wani abokina ya ce gishirin teku ne ke shiga cikin 'ya'yan. Wani kuma ya ce sirrin yana ƙasa, wai inabi yana ɗauko ɗanɗanon dutsen da ya tsiro a kai. Wanne ne gaskiya? Kuma me ya hana a shuka iri ɗaya ko'ina?

Amsa: Ɗan'uwa, abokan naka kowanne ya taɓo gefen maganar, amma babu wanda ya kama ta a tsakiya. Babbar kyautar da teku ke yi wa inabi ita ce lokaci, wato ya hana shi nuna da gaggawa. Sai ka fahimci wannan sannan maganar tudu da ta ƙasa za su zauna maka daidai.

Mu fara da ɗan inabin kansa. Daga fure zuwa tsinka, manoman inabi sun saba ƙirga kwana ɗari ko kusa da haka. A cikin kwanakin nan zaƙi yana hawa, tsami yana sauka, ɓawo da ƙwaya kuma suna nuna a hankali, su ne masu ɗauke da launi da ƙamshi da ɗan baurin nan da ke kama harshe. Zafi yana kora zaƙi gaba, yana cinye tsami, musamman idan dare ma bai huce ba. Shi kuwa ɓawo ba a yi masa gaggawa. Saboda haka a wuri mai tsananin zafi sai zaƙi ya cika alhali ɓawo ɗanye ne, tsami kuma ya gudu. A wuri mai tsananin sanyi, lokacin girbi ya zo ya wuce 'ya'yan ba su nuna ba. Duk fafutukar manomin inabi ita ce waɗannan abubuwa su iso rana ɗaya.

Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. Ƙasar da ke maƙwabtaka da teku tana cin wannan moriyar: lokacin zafi ba ya ƙuna sosai, lokacin sanyi ba ya kisa. Bordeaux tana wajen digiri 45 ne arewa da tsakiyar duniya, amma ɗumin Tekun Atlantika da faɗin bakin kogin Gironde suna ja mata lokacin nuna har cikin watan Oktoba. A can aikin teku ɗumamawa ne.

A Chile da Kalifoniya da Afirka ta Kudu kuwa aikinsa sanyayawa ne, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A gaɓar kowannensu akwai kwararar ruwan sanyi a cikin teku: ta Humboldt a Chile, ta Benguela a yammacin Afirka ta Kudu, da wadda ke gangarowa daga arewa ta bi gaɓar Kalifoniya. Da rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta sai ta yi sama, ta bar gurbi, iskar teku mai sanyi ta shigo ta cike shi. Ka ɗauka kana tsaye a wata gona a kwarin Casablanca na Chile da ƙarfe bakwai na safe a tsakiyar lokacin zafi. Hazo ya kwanta a kan layukan inabi, ba ka ganin ƙarshen layin da kake ciki, ganye yana ɗigar raɓa, kana neman rigar sanyi. Kafin azahar rana ta kore hazon, ganye ya sha haske ya ƙoshi. Da la'asar iska ta taso daga yamma ta sauke zafin. Wurin nan yana wajen digiri 33 ne kudu, kusancinsa da tsakiyar duniya daidai da na gaɓar Maroko, amma inabin da ke yin kyau a can na ƙasashen sanyi ne, Sauvignon Blanc da Chardonnay da Pinot Noir. Kafin Pablo Morandé ya fara dasa inabi a kwarin a 1982, mutane da yawa suna ganin wurin ya yi sanyi da yawa. Ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, don har yau sanyin da ke daskarar da sabon toho yana cikin manyan fargabar manoman wurin.

To amma kusanci da teku a taswira ba ya wadatarwa. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: akwai ƙofa? Tsaunuka su ne ke yanke iyakar inda numfashin teku zai kai. Mafi yawan tsaunukan gaɓar Kalifoniya sun miƙe ne daga arewa zuwa kudu kamar katanga, sai inda aka samu giɓi hazo ke kutsawa, kamar mashigin San Francisco da giɓin Petaluma. Shi ya sa a kwarin Napa kudu ya fi arewa sanyi, abin da ke rikita ɗalibai da yawa, domin kudun ne ke buɗe ga ruwa. A yankin Santa Barbara kuwa tsaunukan sun juya, sun kwanta daga gabas zuwa yamma, kwaruruka sun buɗe baki kai tsaye ga Tekun Pasifik. A bakin kwarin Santa Ynez, a tuddan Santa Rita, Pinot Noir ake nomawa. Ka shiga mota ka nufi gabas, kafin awa guda ka isa Happy Canyon inda Cabernet Sauvignon mai son zafi ke nuna sarai. Kwari ɗaya ne, babban bambancin shi ne nisa daga ƙofar iska.

Haka tsauni ke tare ruwan sama ma. A arewacin Fotugal, yamma da tsaunukan Marão ƙasa ce kore shar mai yawan ruwa, inabinta mai tsami ne mara nauyi. Ka haye su ka nutsa cikin kwarin Douro, can ciki ruwan da ke sauka bai kai rabin na gaɓa ba, zafi kuma kamar tanda. Tsawo ma yana da nasa: duk mita 100 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin kashi shida cikin goma na digiri ɗaya. Gangaren da ke fuskantar rana ya fi ɗumi, iska mai sanyi kuma tana gangarawa ta taru a ƙasan kwari da dare kamar ruwa.

Tun a 1944 wasu malaman jami'ar Kalifoniya, Amerine da Winkler, suka fito da hanyar auna wannan duka. Suna tara yawan digirin da matsakaicin zafin kowace rana ya haura digiri 10 a ma'aunin Celsius, daga Afrilu zuwa Oktoba, suka kasa yankuna gida biyar, kowane gida da irin inabin da ya dace da shi. Awo ne mai amfani, ina kuma koyar da shi, sai dai bai san hazo ba, bai san iska ba, bai san bambancin rana da dare ba. Ka riƙe shi a matsayin matakin farko.

Kada ka ɗauka maƙwabtaka da teku alheri ne zalla. Inda akwai laima akwai fumfuna, kuma inabi da fumfuna ba sa ga maciji. A 1878 wata cutar ganye daga Amurka ta bayyana a Faransa ta yi ta'adi. Wani malamin ilimin tsirrai a Bordeaux, Millardet, yana wucewa ta gefen wata gona a Médoc, wani yanki na Bordeaux, a 1882 sai ya lura layukan bakin hanya suna da ganyensu lafiya, na ciki kuwa sun kaɗe. Ashe na bakin hanyar an yayyafa musu haɗin shuɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa don masu wucewa su ji tsoron tsinka. Daga nan aka samu maganin feshin da ya bayyana wa duniya a 1885, wanda har gobe ana amfani da shi da sunan garin Bordeaux. A Rías Baixas da ke arewa maso yammacin Sifaniya, inda ruwan shekara kan haura milimita 1,500, manoma sun ɗaga inabinsu sama a kan rumfuna masu ginshiƙan dutse, sama da tsayin mutum, don iska ta ratsa ta ƙasa ta busar da 'ya'yan. Irin da suka riƙe, Albariño, ƙananan 'ya'ya ne masu kaurin ɓawo da ke jure jiƙa. Ka ga amsar tambayarka ta ƙarshe ke nan: iri yana zama a wuri ne idan lokacin nunarsa ya yi daidai da tsawon lokacin noman wurin, kuma jikinsa ya iya ɗaukar wahalar wurin. Sauran irin da aka gwada, shekaru sun tace su sun fita.

Yanzu maganar ƙasa. Saiwa ba ta tauna dutse. Abin da take sha ruwa ne da sinadaran da suka narke a ciki, kuma sinadarin da ya fito daga alli da wanda ya fito daga tsakuwa abu ɗaya ne a wajen tsiro. Don haka ban yarda da cewa ana jin ɗanɗanon dutse a cikin inabi ba, ko da yake masu talla suna son maganar. Amma ƙasa tana da tasiri ƙwarai ta wata hanyar. Wani masanin ƙasa na jami'ar Bordeaux, Gérard Seguin, ya yi shekaru yana haƙa ramuka a fitattun gonakin yankin yana neman abin da ya haɗa su. Ƙasashen sun sha bamban a sinadarai, wasu tsakuwa, wasu laka, wasu alli. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne yadda suke shayar da kurangar inabi: suna zubar da rarar ruwa da sauri, suna kuma riƙe ɗan abin da zai hana ta mutuwa lokacin fari. Inabin da ya ƙoshi da ruwa ganye yake yi, ya ba ka manyan 'ya'ya salam-salam. Wanda ya ji 'yar ƙishirwa bayan ya ɗaura 'ya'ya sai ya daina miƙa reshe, ya mai da hankali kan nunar da su, su fito ƙanana masu yawan ɓawo.

Bordeaux ɗin da ka ambata ta isa misali. A gefen hagu na Gironde, Médoc fadama ce a da, sai a ƙarni na 17 injiniyoyin Holan suka janye ruwanta, tuddan tsakuwa suka fito. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, tana saurin ɗumi, tana kuma sakin zafin rana da dare. Cabernet Sauvignon mai jinkirin nuna abin da yake buƙata ke nan. A ɗaya gefen, a Pomerol da Saint-Émilion, laka da alli sun fi yawa, ƙasa ce mai sanyi da danshi, Cabernet Sauvignon yakan kasa nuna a kanta. Sai aka ba Merlot wurin, shi da kan riga shi nuna da kimanin mako biyu. Yawancin gonakin yankin suna shuka duka biyun ne, da Cabernet Franc a gefe, saboda ruwan Atlantika ba ya sallama kafin ya zo. Idan ya ɓata girbin ɗaya, ɗayan ya tsira.

A Jerez da ke kudancin Sifaniya matsalar a juye take, rani ne mai tsawo babu ɗigon ruwa. Ƙasarsu fara ce fat mai alli, tana shan ruwan lokacin sanyi kamar soso. Bayan girbi manoma kan yi kunya-kunya a tsakanin layuka don kada ruwan ya gangare, da zafi ya ƙarato kuma su baje su daddale saman, ya yi ɓawo ya rufe danshin. Da wannan ajiyar inabin Palomino ke ƙetare rani.

Rairayin bakin teku ma ya taɓa yin rana. A shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Turai daga Amurka ya kashe gonaki ba iyaka, har sai da aka koma yi wa inabin Turai aure a kan saiwar inabin Amurka. Ƙwaron nan ba ya iya rayuwa a cikin rairayi. A Colares, yamma da Lisbon babban birnin Fotugal, inabin Ramisco yana nan a kan saiwarsa ta asali. Manoman wurin sukan haƙa rami mai zurfi a cikin rairayin har su taɓo laka, su dasa a can, su riƙa cikewa a hankali yayin da tsiron ke girma. Rassan a kwance suke bisa yashi, an kewaye su da dangar kara saboda iska.

Dangar nan ta dawo da mu ga abokinka na farko. Gishirin teku yana isa gona, wannan gaskiya ne, iska na ɗauko feshinsa ta sauke a kan ganye da ɓawo. Amma a wajen manomi yawanci abin gudu ne, domin yana ƙone ganye. A tsibirin Pico na Fotugal, a tsakiyar Atlantika, mutane sun tsinci baƙaƙen duwatsun aman wuta sun gina dubban ƙananan ɗakuna marasa rufi, kowanne da 'yan kurangu kaɗan a ciki, don su tare iska da gishiri, dutsen kuma ya ɗumama su da dare. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2004. A Lanzarote, wani tsibirin Sifaniya da ke kusa da gaɓar Maroko, inda duwatsu suka yi aman wuta daga 1730 zuwa 1736 suka binne gonaki da baƙar toka, ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Sai manoma suka haƙa ramuka masu faɗin baki kamar ƙwarya, suka ratsa tokar har ƙasar da ke ƙarƙashi, kowane rami kuranga ɗaya, suka yi masa rabin katanga ta ɓangaren da iska ke bugowa. Da dare iskar teku mai laima takan bar raɓa a kan tokar, tokar ta tsotse ta, ta kuma hana danshin ƙasa tashi idan rana ta fito. Da wannan raɓar da ɗan ruwan da ya sauka lokacin sanyi kurangar ke kai 'ya'yanta ga nuna, a fara tsinka tun ƙarshen watan Yuli.