Safayar jif ba da ƙarfin tuwo ake ɗora ta ba

Tambayarka ke nan, wai yaya mutum ɗaya zai ɗora safayar jif a bayan ƙofa bai ji wa kansa ciwo ba? Mu da ido muka koyi faci, wa ya isa ya tsayar da maigida da tambaya. Amma ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ajiye wayar nan tukuna.

Tayar Prado da wilinta takan kai kilo 30. Manyan nan na shiga laka da ake sa wa Land Cruiser a kan wilin ƙarfe kuwa har 40 suna dosa. Ba ta kai buhun siminti ba, sai dai shi buhu yana kwanciya a jikinka, ita kuwa ba ta da mariƙa, zillewa take. Ku 'yan yanzu sai ku duƙa ku rungume ta, ku fizgo da ƙugu don a ce kuna da ƙarfi. Haka ake sayen ƙaba da ciwon baya tun ba a yi aure ba.

Gara ta a tsaye har gindin ƙofa. Ka kwantar da tsohuwar taya a ƙasa ka garo safayar ta hau kanta, ka ga ka rage tafiya. Tun tana nan ka juya ta, ramukan wili su kalli ƙusoshin da za ta hau, ba sai tana sama kana nishi kana neman rami ba. Ka tsuguna, baya a miƙe, taya manne da ƙirji, ka tashi da cinyoyinka, gwiwa ta tokare ta daga ƙasa. Ka rataye ta a ƙusa, ka ɗaura noti ɗaya da hannu kafin ka saki. Kuma kada yatsanka ya shiga ramin wili. Sauran ɗauri ko wawa ya sani.

Amma kafin duk wannan, ƙofar ta kasance a rufe, ka ji ta kama da kunnenka. In tana rufe, makulli da jikin mota suna taya hinji ɗaukar nauyin. In tana buɗe, hinji ne kaɗai yake sha.

A kan wannan ƙofar na rasa injin iskana na farko. Wani Alhaji ne ɗan kwangila ya zo dab da magariba da Prado, an sa mata tayoyin da suka fi na kamfani girma, wai sauri yake zai shiga daji wurin aiki. Muka yi wa safayar faci. Na tafi alwala, na bar yaron da nake da shi a lokacin. Direbansa ya wage ƙofar baya yana jera kaya, Alhaji ya tsaya a kan yaro yana masa tsawa, ɗora, ɗora, ba ni da lokacin jiran a rufe. Yaro ya ga babbar riga, ya ɗora. Yana sakin taya hinjin sama ya ɓalle, ƙofa ta sunkuya, gilas ya tsage tun daga sama har ƙasa.

Ka ga yadda mutumin nan ya ɗaga murya? Ya tara mini jama'a, wai motarsa ko shekara ba ta yi a hannunsa ba, na lalata masa dukiya. Kafin isha'i ya kawo 'yan sanda. Ni talaka mai faci, shi mai kuɗi, wa za a saurara? Dattawan layi suka ce in yi haƙuri a sasanta. Sasantawar ita ce na sayar da injin iskan da na daɗe ina zubin adashi kafin in mallaka, na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo ƙofa da gilas, na biya fenti, na biya ɗauri. Damina guda ina gara tayoyin mutane zuwa shagon maƙwabci ina roƙon iska, ana raba kuɗin da ni.

Sai bayan komai ya lafa mai gyaran bodin da ya cire tsohuwar ƙofar ya kira ni, ya ce zo ka gani. Ya kankare fenti a gindin hinjin. Tsohuwar walda ce a wurin, an shafe ta da fila an bi da fenti, cikin tsagar kuwa tsatsa ce ja wur. Tsatsa tana yi a dare ɗaya? Ƙofar ta daɗe da mutuwa, nauyin babbar taya da gargadar hanya sun cinye ta, wanda zai biya kawai ake nema. Na je gidansa, maigadi ya ce ya yi tafiya. Na koma, ya yi tafiya. Har gobe in na ga irin kalar motar nan sai raina ya ɓaci. Ban yafe ba, Allah ya isa.

Shi ya sa kake ganin ina ɗaga gefen kowace ƙofa ina girgizawa a gaban mai ita kafin a taɓa safaya. In ta yi wasa, ka nuna masa da yatsa, ka kira shaida. In ya ce sauri yake, ya ɗora abarsa da kansa.

Ta Hilux da ke ƙarƙashi ba ɗagawa ake ba, sarƙa ce take janta. Ka tabbatar ƙarfen bakin sarƙar ya zauna daidai a ramin tsakiyar wili, ka murɗa har ta ɗame, ka tura ta da ƙafa ka ga ba ta motsi. Ta kan kariyar rufin mota kuwa mutum biyu ne da igiya, ɗaya a sama yana ja, ɗaya a gefe yana turawa, ba a ƙarƙashinta ba. Ranar da na gan ka kana gwada ta kai kaɗai, ranar za ka koma gidanku.