Ɗana yana son kallon Get Carter, wai tsohon fim ba ya ɓata tarbiyya

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 14 ya matsa mini lamba sai ya kalli Get Carter. Mai tura fina-finai na bakin layinmu ya ce fim ɗin 1971 ne, lokacin Turawa na da sauran kunya, labarin ramuwar gayya ne kawai. Hankalina dai bai kwanta ba, don unguwarmu ba ta rabo da 'yan daba. In bar shi?

Amsa: Kada ka bar shi, Alhaji. Tun fitowar fim ɗin a Ingila shaidar X aka ba shi, wato ban da wanda bai kai shekara 18 ba.

Wannan magana ta "tsohon fim ne, ba komai" ta ishe ni, kullum sai wani ya kawo mini ita. Masu tura fim a waya ne ke yaɗa ta, alhali yawancinsu ko rabin abin da ke cikin kwamfutarsu ba su kalla ba, kuɗinka kawai suke hange. Kunyar da suke faɗa ba halin masu shirya fim ba ce, doka ce ta ɗaure su. A Amurka dokar Hays ce ta hana nuna tsiraici da jini, kuma a 1968 aka jingine ta. Ingila ma a 1970 ta ɗaga shekarun shaidar X daga 16 zuwa 18, masu shirya fim suka samu sarari. To fim ɗin 1971 ya faɗo daidai lokacin da aka kwance musu takunkumi. Dusashewar kala da wando fantalo ba su ne tsafta ba.

Ga abin da yaron zai gani. Jarumi Michael Caine ne ya fito a matsayin Jack Carter, ɗan dabar Landan da ya koma Newcastle jana'izar ɗan'uwansa Frank, wanda aka ce ya bugu ya yi haɗarin mota. Bai yarda ba, ya shiga bin diddigi. Can yana zaune a gidan wata mata ya kunna majigi, sai ga Doreen, 'yar marigayin, an sa ta a fim ɗin batsa. Hawaye ya zubo masa, daga nan kuma babu sauran imani: ya daɓa wa wani wuƙa, ya wurgo wani ɗan kasuwa mai suna Brumby daga saman benen ajiye motoci na Gateshead, mata ma bai ƙyale su ba.

A wajena fim ne mai kyau ƙwarai, kuma daraktansa Mike Hodges bai yi shi don a tafa wa Carter ba. A ƙarshe, bayan ya kashe Eric, mai hannu a kisan Frank, a bakin teku inda ake zubar da tarkacen kwal, wani maharbin haya ya ɗauke shi da harsashi ɗaya daga nesa. Babba zai gane cewa ramuwar ce ta cinye mai ita. Yaro kuwa kwat ɗin da bindigar zai riƙe, da yadda Carter ke magana kowa na rawar jiki, musamman yaron da yake ganin ana jin tsoron masu gora da barandami a layinsu.

Ka kuma lura, akwai wani Get Carter na 2000 da Sylvester Stallone, masu turawa kan haɗa su a fayil ɗaya. Shi ma ba na yara ba ne. Ka karɓi wayar yau da daddare ka duba, don da wuya a ce bai riga ya sa an tura masa ba.